Tsohon lens na Canon 70-200 f/4 da na kai wajen gasar karnuka, ga yadda muka ƙare

Ni dai mai hoton biki ne, kamu da dina da wunin suna da walimar sauka, shekara 9 kenan ina wannan fama a cikin garin nan, kuma da a ce bara wani ya ce min wata rana zan kwanta rub da ciki a kan turɓaya saboda kare da sai in ce masa Allah ya sawwaƙe. To ga shi an yi. Tun da hotunan suka fita abokan sana'a ke ta tare ni a wajen wankin hoto wai da wane lens na ɗauka, wani ma har da rantsuwa wai ba a Kano aka yi su ba, shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayaninsa gaba ɗaya, inda ya fitar da ni kunya da kuma inda ya tsaya cak ya ce iya ƙarfina kenan.

Lens ɗin shi ne Canon EF 70-200mm f/4L USM, farin nan siriri, wanda ba shi da IS, wato na'urar cikin lens da ke gyara rawar hannu. A lura da wannan fa don suna da yawa masu kama da juna, akwai f/4 mai IS da ya fito 2006, akwai kuma manyan f/2.8 masu shigar da haske fiye da shi, da masu hali a cikinmu ke ratayawa. Nawa shi ne na talaka a gidan, tsoho ne tun 1999 aka fara fitar da shi, wato ya girmi yaran da ke riƙe mana fitila a wajen dina. Nauyinsa giram 705, bakinsa 67mm, ba ya kama fokas sai abu ya kai mita 1.2 daga gare ka, kuma f/4 ɗin nan, wato iya faɗin ƙofar da haske ke shiga ta ciki, ba ya canzawa ko kana 70 ko ka yi zum ka kai 200. Ni a kan kyamarar Canon 7D nake ɗora shi, ita ma tsohuwa ce ta 2009, kuma da yake sensanta, wato abin da ke karɓar hoton a cikinta, ƙarami ne sai a ninka da 1.6, kenan abin da kake gani ya zama kamar 112 zuwa 320.

Na hannu na saya a wani shago ta wajen Sabon Gari. Ba zan kama sunan shagon ba saboda har yau akwai 'yar tsama tsakaninmu a kan hular lens ɗin, wato ET-74 da ake ɗaurawa a bakinsa ta tare hasken gefe, mai shagon ya ce min oga tana gida ka dawo gobe, goben nan yau wata 5 gari bai waye ba, ƙarshe dai wata mara suna na nemo na ɗaura. Amma gilashin kansa lafiya lau, don ban miƙa kuɗi ba sai da na cire murfin gaba da na baya na haska fitilar waya ta ciki ina neman funfuna, ita kamar yanar gizo-gizo take fitowa, in ka gan ta ka ajiye masa kayansa ko nawa ya rage maka. 'Yar ƙura ɗaya biyu a ciki ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto. Sannan na ɗora shi a kyamarata ba tasa ba, na fita bakin titi na ɗauki rubutun allon wani kemis daga nesa a 200 da f/4, na yi zum na duba ko rubutun ya fito ras daga gefe zuwa gefe, na kuma bi wani ɗan adaidaita da ke tahowa don in ga ko injin fokas ɗin na da rai. Duk ya ci.

Da na saya ba kare ne a raina ba, hawan sallah na yi niyya da shi da ɗaurin aure irin wanda ba ka iya kutsawa gaba. Sai wani yaro ɗan gidan wani Alhaji a Nasarawa da na taɓa yi wa yayarsa hoton biki ya kira ni, ya ce yaya ranar Lahadi muna da ɗan taro mu masu kiwon karnuka, kowa zai kawo nasa a gwada, akwai likitan dabbobi da zai yi alƙalanci, ko za ka zo ka ɗaukar mana? Na ce kai ƙanena kare fa ka ce. Ya yi dariya ya ce ai yaya ba taɓawa za ka yi ba. Na tambayi kuɗi ya faɗa, na ji ya fi na wunin suna, na ce to Allah ya kai mu.

Daren Asabar na kwana ina kallon yadda Turawa ke yin nasu. Su abin ya daɗe a wurinsu, tun 1859 aka yi a Niyukasil ta Ingila, babban nasu shi ne Crufts da aka fara 1891 wanda yanzu a Bamingam ake yi duk watan Maris, Amurka kuma suna da Westminster tun 1877. Abin da na lura shi ne galibi a cikin rufaffen zaure suke yi, ƙarƙashin fitilu, a kan kafet, shi ya sa masu hotonsu ke ɗauke da f/2.8 mai kusan kilo ɗaya da rabi, don haskensu kaɗan ne. Sai gabana ya faɗi na ce kar dai in je in ji kunya da ɗan f/4 ɗina. Da na je namu kuwa filin wata makarantar kuɗi ce ta wajen Bompai, an kafa turaku an zagaye da igiya, kanofi 2, kujerun roba, sai rana kyauta daga Allah. Hunturu ne kuma, ɗan hazon nan ya tare ta ta yi laushi kamar an sa mata farin yadi a gaba. Wanda ya san haske ya san wannan ba a sayensa da kuɗi.

Karnuka sun kai 30. Ga Jaman Shefad da mutanenmu ke ce wa karen 'yan sanda, ga Rotwaila, ga Bowabul na Afirka ta Kudu mai kai kamar turmi, ga wani Kokeshiyan da gashi ya yi masa yawa har tausayi ya ba ni in na tuna zafin watan Afrilu a garin nan, sai ƙananan fararen nan na cikin falo da aka taje su har da ribom.

Abu na farko da zan yabi lens ɗin nan a kai shi ne tazara, kuma gaskiya duk sauran yabon daga nan ya samo asali. Kare ba amarya ba ce da za ka ce ɗan ɗaga haɓa, ɗan kalli nan, yawwa. In ka matsa masa da gajeren lens ɗinka na 50mm ka kafa masa ƙaton baƙin ido ɗaya a fuska to ɗayan biyu ne, ko ya kwantar da kunne ya kau da kai hoton ya fito kamar na ɓarawon da aka kama a kasuwa, ko kuma ya taso maka, don su kallon ido cikin ido neman faɗa ne a wurinsu. Da 200 kuwa ina can mita 8 ko 10 bai ma san da zamana ba, hankalinsa na kan mai shi, kunne a tsaye, wuya a miƙe. Ga kuma maganar tufafi. Na san a Malikiyyar da muka taso a kai malamai sun ce kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona, amma duk da haka ni zuciyata ba ta son yawunsa a rigar da zan shiga masallaci da ita, kuma na san da yawanmu haka muke. To lens ɗin nan ya raba ni da wannan tunanin, na wuni a cikin karnuka babu wanda ya shinshine ni sai guda ɗaya, shi ma zan zo kansa.

Inda tsawon ya fi yi min amfani sai da aka fara zagaye na gane. Ƙa'idar ita ce mai kare yana riƙe shi a hannun hagu, su zagaya fili akasin yadda agogo ke juyawa, alƙali na tsakiya, kenan kullum kare na ta ciki mai shi na ta waje. To kai da kake bayan igiya duk lokacin da suka zo ta gabanka ƙafafun mai shi da wandonsa ne za su tare maka kare. Na ɓata hotuna sun fi 50 a haka ina ɗaukar gwiwoyin mutane kafin kaina ya kawo wuta. Ashe sai sun kai can ɗaya gefen filin, nesa da kai, a nan ne kare ke zama a gaba mai shi a baya, ka gan shi gaba ɗaya daga hanci har wutsiya yana tafiya daga dama zuwa hagu. Wannan wurin kuwa mai ɗan gajeren lens na 18-55 ko mai waya sai dai ya gani da ido, karen zai fito masa kamar ɓera. Ni ko a 150 zuwa 200 yana cika min firam.

Sai maganar durƙuso. Wallahi ko ka sayi lens na miliyan nawa in a tsaye kake ɗaukar kare ka yi asarar kuɗinka, don daga sama kansa ne zai fito ƙato, ƙafafu su gajarce, bayan hoton kuma ya zama ƙasa zalla da kashin awaki. Dole kyamara ta sauko daidai ƙirjinsa ko idonsa. Manyan na durƙusa musu a gwiwa ɗaya, ƙananan fararen nan kuwa sai da na kwanta, yara na ta min dariya suna cewa ga mai hoto ya zama soja. Da ka sauko sai ka ga ikon Allah, bayan ya tafi can nesa ya narke, katangar makarantar da bishiyoyin darbejiya suka koma wani launi mai laushi, karen ya fito shi kaɗai tar, wannan ne ya sa wancan abokin nawa ke rantsuwa ba Kano ba ce. Amma narkewar ba ta ɓoye komai da komai fa, jar kujerar roba ko shuɗiyar jarka ko mutum mai farar shadda za su fito dunƙule guda a bayan kan kare, don haka kafin a fara ka zagaya ka zaɓi gefen da bayansa ba tarkace, rana kuma tana bayan kafaɗarka don ka samu ɗigon hasken nan a idonsa, in babu shi idon baƙin rami kawai yake fitowa. A nan rashin nauyin ya taimake ni sosai, awa 4 ina tashi ina kwanciya, gwiwar hannu a ƙasa ita ce tirayifod ɗina, wato ƙafar ɗora kyamara, da f/2.8 ne da tuni kafaɗa ta ce ba da ita ba.

Kowa in ya ji ba IS sai ya taɓe baki. Bari in faɗi abin da na gani. IS rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da abin da ke motsi. Kare ko yana tsaye kansa na juyawa, wutsiya na kaɗawa, harshe na rawa, balle yana sassarfa, don haka dole shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ta kasance 1/1000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, kuma a wannan saurin rawar hannu ba ta da tasiri ko kaɗan. Tsohuwar ƙa'idar ma cewa ta yi kar shotarka ta gaza tsawon lens, wato ni 1/320 ya ishe ni, to ga ni a ninki 4 ko 5 na hakan. Yawancin safiyar a M na tsaya, wato ni ke saita komai da hannu, shota 1/1600, f/5.6, ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) 400, in hazo ya ƙaru in buɗe zuwa f/4. Kenan kuɗin da zan ƙara don IS a wannan aikin dai kuɗin banza ne. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, to ni tsohon lens ne ya yi min maganin karnukan bana.

Fokas ɗinsa shiru kuma da sauri, ba ya wannan kukan ziii na ƙananan lens. Akwai wani ɗan makunni a jikinsa da mutane da yawa ba sa kula da shi, 1.2m da 3m, in ka tura shi 3m to ba zai ɓata lokaci yana neman abu a kusa ba, in ya kuɓuce masa nan da nan yake dawowa. Na bar shi a 3m duk lokacin zagaye, kyamara a AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, makin fokas ɗaya na tsakiya da na kewayensa. Matsalar da na samu tawa ce ba tasa ba, wato hanci. Jaman Shefad in ya fuskanto ka hancinsa ne ke fara zuwa, kyamara kuma abin da ya fi kusa take so, a 200 da f/4 daga mita 5 wurin da ke fitowa ras bai wuce kamar santimita 10 ba, shi kuwa daga hanci zuwa ido ya fi haka. Sai ka duba a ƙaramin allo ka ga hoto ya yi kyau, ka je gida ka buɗe a kwamfuta ka ga hanci garau har da ɗigon ruwa, ido kuma dishi-dishi. Hoton kare in ido bai fito ba shara ne. Maganin shi ne ka ɗora makin a kan ido da kanka, in kuma gaba da gaba ne ka rufe zuwa f/6.3 ko f/8.

Baƙin kare shi ma wani karatun ne. In ya cika firam kyamara sai ta ga duhu ya yi yawa ta ƙara haske ya koma ruwan toka, in kuma ƙarami ne a tsakiyar farin fili sai ta rage ya zama inuwa ba ido ba baki, fararen kuma akasin haka, shi ya sa ban bar mata zaɓi ba na tsaya a M. Fokas ma yana ɗan shan wahala a kan baƙin gashi sumul don ba abin da zai kama, sai na riƙa ɗora shi a kan jan ɗigon da ke saman idon Rotwaila ko gefen abin wuya. Filasha kuwa ko fito da ita ban yi ba. Akwai wani abu a bayan idon kare da ke mayar da haske, shi ne ke sa idonsu ƙyalli in fitilar mota ta haska su da dare, da filasha haka zai fito kore kamar na aljani, ga kuma firgita dabba ana tsakiyar gwaji, mai shi ba zai yafe maka ba.

Akwai lokacin da ake tsayar da kare alƙali ya duba shi, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya shafa baya, ya ja da baya ya kalli tsayuwar. Nan ne hoton da masu karnuka suka fi biya. Ka tsaya daidai gefensa sosai kar ka karkace, ka jira likita ya matsa, ƙafafu huɗu su fito duka. Jaman Shefad tasa tsayuwar daban ce, ƙafar baya ɗaya a miƙe can baya ɗaya a ƙarƙashin ciki, in ka ɗauka ba a haka ba mai shi zai ce ka ɓata masa kare. Kuma don Allah kar ka yi fito ko tsaki don ya kalle ka alhali ana gwaji, jinsu ya ninka namu, mu iyakarmu sauti mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa su suna wuce 40,000, ƙaramin abu ke ɗauke musu hankali. Bayan an gama ne za ka ja mai shi gefe ka sa ƙaninsa ya tsaya a bayanka ya murza ledar biskit, kunnuwa za su miƙe na daƙiƙa 2, a nan za ka danna, in ka maimaita sau 3 ya gane wayon ya daina kulawa. Sannan ka yi irin waɗannan tun da safe, don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, da rana ta ɗaga duk harsuna suka zubo har ƙirji ba mai rufe baki.

Yanzu ga inda ni na ji daɗin ranar. Wajen ƙarfe 11 sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, mafarauta suka diro da karnukansu kusan 10, ashe likitan ne ya gayyato su don a yi musu allurar rigakafin haukan kare. Yaran Nasarawa suka fara kallon juna suna murmushi, don karnukan sirara ne, haƙarƙari a waje, kunnuwa a yanke, wasu da tabo, wuya duk layu. Ni kuwa da na leƙa ta cikin lens sai na ga wani abu daban, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, sak irin ƙirar Azawak ɗin Buzaye na tsakanin Nijar da Mali, wanda Amurkawa sai a 2019 suka shigar da shi cikakken jerin karnukan gasarsu suna ta yayinsa. Na je wajen babbansu, wani dattijo mai gora a kafaɗa, na gaishe shi na ce baba ko za a tsayar min da jan nan in ɗauka? Ya kalle ni ya ce yaro ai Guguwa ba ta tsayuwar soja, in kana son ganinta bari ta ga abin bi. Sai ya sa wani almajirinsa ya ɗaura tsohuwar fatar zomo a igiya ya hau babur ya ja ta a gefen filin.

Jama'a ban taɓa ganin abu irin wannan ta cikin kyamara ba. Na kwanta, na kai shota 1/2000, f/4.5, na danne maɓalli 7D na ta ɓarin 8 a daƙiƙa kamar keken ɗinki. Irin waɗannan karnukan in suna sukuwa sau 2 suke barin ƙasa gaba ɗaya a taku guda, sau ɗaya a dunƙule ƙafafu huɗu a ƙarƙashin ciki, sau ɗaya a miƙe sambal kamar kibiya, ido ba ya iya raba su sai hoto. Gudu 3 ta yi, a cikin hotuna wajen 60 na samu 20 da wani abu masu kyau, wanda ta taho gaba da gaba ne ya fi kuɓuce min don saurin ya fi ƙarfin tsohuwar kyamarar, amma na gefe kam lens ɗin ya riƙe ta gam. Akwai guda ɗaya da take a miƙe a iska, jar ƙura ta tashi a bayanta rana ta ratsa ƙurar, layar wuyanta ta tashi sama. Da na nuna wa yaran nan a allo sai murmushin ya ɗauke, ɗaya ya ce yaya wannan karen gida ne kuwa? Nasa Bowabul ɗin da aka ce ya yi gudu taku 10 ya yi ya nemi inuwa.

To yanzu inda ya gaza, don ba zan yi muku tallan abin da ba nawa ba. An ce za a raba kyaututtuka ƙarfe 4, sai da aka jira wani babban baƙo har rana ta yi ja, ga shi a ƙarƙashin kanofi aka yi. A nan f/4 ya nuna shekarunsa. Na kai ISO 3200 hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa gero, na rage shota zuwa 1/100 sai ga rawar hannun da na gama cewa ba ta da tasiri, a nan kam na yi kewar IS, na jingina da ƙarfen kanofi na riƙe numfashi na samu kaɗan. Duk wanda aikinsa a hol ne ko bayan magariba wannan ba lens ɗinsa ba ne, kar ya ce ban faɗa ba. Na biyu 70 a kan ƙaramin sensa ya yi tsawo da yawa, da aka ce a yi hoton kowa da kowa sai da na ja baya har na dangana da katanga ban samu rabinsu ba, dole na koma mota na canza zuwa 18-55, a cikin mota fa gilashi a rufe, kar ka kuskura ka buɗe kyamara a fili da hunturu. Shi kansa lens ɗin zum ɗinsa a ciki yake yi ba ya fitowa ya koma, don haka ba ya zuƙar ƙura kamar masu tsawaita, amma ba shi da robar nan ta bakin mahaɗa da ke tare ƙura da ruwa, kuma farin jikin kafin la'asar ya koma kalar jar ƙasa.

Sai wanda na ce zan zo kansa. Wani ɗan kwikwiyon Bowabul ne ya kuɓuce wa mai shi ina kwance, kafin in tashi ya iso, a ƙasa da mita 1.2 kuwa lens ɗin makaho ne ba ya ganin komai, sai dumi na ji da wani abu ya rufe min gani, ashe lasar gilashin ya yi. Allah ya so akwai filta 67mm, wato gilashin kariya, a gaba da hular nan mara suna, su suka sha yawun. Da na koma gida sai da na fara hure ƙurar da famfon roba kafin in goge, in ka goge da ƙura a kai kamar ka sa sandfefa ne. Riga kuwa dama na taho da ta canji a jaka.

Wanda yake da kyamarar Canon mai ɗaukar lens irin na EF, ko sabbin kyamarorin R ɗin nan da adaftar haɗa su, kuma aikinsa a fili ne da rana, karnuka ko dawaki a filin sukuwa ko folo ko ƙwallon unguwa, in ya samu mai tsabtar gilashi ya saya kawai, ni da za a dawo da ni shagon nan zan sake saye, sai dai wannan karon ba zan fita ba sai da hulata a hannu. Ya haɗa da filta da abin ɗaure gwiwa irin na masu tayil, don kwana 3 na yi ina sallah da ƙyar.

Hoton Guguwa na wanke babba na sa a firam na kai wa dattijon har unguwarsu ta bayan Kurna, ban karɓi ko sisi ba. Ya riƙe ya daɗe yana kallo, yaransa sun kewaye shi, can sai ya sa yatsa a gefen dama ya ce yaro ina ƙarshen wutsiyar? Na duba, wallahi na yanke kamar rabin ɗan yatsa, na cika zum garin zumuɗi ban bar mata wuri ba, ni da na kalli hoton nan ya fi sau 100 ban lura ba. Ya ce ba komai amma a wutsiya ake gane zuciyar kare, in sun tashi fita daji wata mai kamawa zai aiko a kira ni in sake, in kuma taho da takalmin kirki don ba filin makaranta ba ne.